Mai Tsutsa

A shagon Tanimu, bayan gadar Kawo,
inda janareta ke tari kamar tsohon direba,
naira ɗari biyu ke sayen awa guda
da kujerar roba mai ɗaurarriyar ƙafa.
Nan ake haɗa dodanni faɗa a cikin allo,
kowa da shida nasa, kowa da bakinsa.

Munzali na da macijin wuta mai fukafukai,
Kuyet na da giwar dutse,
ni kuwa tun ranar farko tsutsa na ɗauka.
Suka yi dariya har mai shayi ya leƙo.

Ban musa ba, na san lissafin.
Wuta na cin ƙwaro kamar busasshen kara,
tsuntsu ya sure shi, dutse ya latse shi.
Ƙwari dai akwai saurin girma:
kafin na wani ya yi haƙori
nawa ya fasa ƙwanso ya yi fiffike,
sai dai daga nan girman ya tsaya,
kamar yaron da ya fi kowa tsawo a firamare,
aka je sakandare yana ɗaga kai ya dubi sa'anninsa.

Wata bakwai ina shan kashi.
Ina komawa Unguwar Dosa a ƙafa
don kuɗin mota ya tafi neman fansa.
A bayan littafin lissafi nake rubuta
wa ke riga bugu, wa ke jure biyu,
wa ke faɗuwa da tsohon dafi a jiki.

Ranar gasa, Asabar, hadari ya haɗo daga gabas.
Na fara da gizo-gizo. Bai taɓa kowa ba,
saƙa kawai ya shimfiɗa a fili, aka kashe shi.
Kuyet ta ce, “Sadaka ka zo yi?”
Amma duk wanda ta turo bayan nan
ƙafarsa nauyi take, kamar mai ratsa taɓon Rigasa.
Rina ta harbi giwa ta ruga gida,
malam-buɗe-littafi ya watsa garin barci,
buzuzu ya kafa ƙaho, ya ƙarasa aikin.
Kuyet ta ajiye madanni a hankali,
ta ce in sake gaya mata sunan saƙar nan.

Sai Munzali.
Biyar nasa suka faɗi, biyar nawa suka faɗi.
Saura ƙoƙi-ƙoƙina da laujensa biyu,
saura macijin, dafi ya cinye shi,
ransa ɗan jan zare a saman allo.
Shagon ya yi tsit. Har janareta ya rage tari.
Ina da sara mai samu sau tara cikin goma.
Na danna.

Ranar nan na goman ne ya zo.

Wutar ta cika allon, ta haska fuskokinmu duka.
Munzali bai yi ihu ba, gumi yake sharewa.
Can ruwa ya tsagaita, sai ga shinge,
ta ƙofa, ta taga, ta hujin kwano,
suka rufe ƙwan lantarki, suka rufe allon,
macijin na rawar nasara a bayan fukafukansu
ba mai ganinsa.
Tanimu ya kawo roba da ruwa yana faɗa,
yana cewa ni na kira 'yan'uwana.

Ran Talata na zo da wuri, kafin a tashi makaranta.
Na iske Munzali shi kaɗai a lungu,
ya rage hasken allo, ya ba ƙofa baya.
Wata koriyar tsutsa ke rarrafe gabansa,
har ya raɗa mata suna.
Ya gan ni, ya kai tafin hannu zai rufe ta.
Na jawo kujerar nan mai ɗaurarriyar ƙafa,
na buɗe littafin lissafi ta baya,
na ajiye shi tsakaninmu.