Ajiye Jakar

A Marwa, ajin makarantar Domayo, bayan la'asar,
'yan mata tara suka zo gwaji.
Na ce: "Ga jaka, ga tufafi.
An zo mai da ke wani gida. Nuna min."

Wata ta yi kuka har da birgima,
wata ta ƙanƙame taga.
Na rubuta: ba laifi.

Jaratu ko uffan.
Ta naɗe zane, ta cusa silifas a gefe,
guntun sabulu a leda.
Kafin in ɗago biro
tana bakin ƙofa, tana jira.

"Wa ya koya miki?"

"Gida huɗu," ta ce.
"Amma ni a uwa zan fito,
wadda ke cewa: ajiye jakar."