Mai Riƙon Igiya

Ni ne wanda ba a tafa wa.
Ina ƙasa, igiya a ƙugu, wuya ya ƙage don kallon sama,
ina bin tafin takalmin Tanimu
yana laluben wurin da babban yatsa kaɗai zai zauna.

Tun yana yaro a Gangare na san shi,
shi ake aika ya sauko da awaki daga duwatsun bayan gida.
Awakin su dawo, shi bai dawo ba.
Gwiwa a kuje, wando a yage,
ana masa faɗa, idonsa na kan tsagar dutse.
Yau ga shi hannu fari fat da hoda
kamar wanda ya kwana a injin niƙa.

Da safe an yi tsere. Wannan ba nasa ba ne:
ƙararrawa, mutum biyu, bango,
kafin in haɗiye yawu wani ya mari maɓallin sama.
Da azahar gajeren bango, babu igiya, sai katifa.
Ya faɗo sau biyar, ya karkaɗe jiki,
ya ja baya yana karanta bangon kamar wasiƙar da ruwa ya taɓa.

Yanzu doguwar hanya ce, faɗuwa ɗaya tal.
Ɗazu na gan su shi da Dalyop, abokin hamayyarsa,
kafaɗa da kafaɗa suna zana hanyar a iska,
wannan ya ce dama, wancan ya girgiza kai.
Dalyop ya kai mariƙi na talatin da takwas.

Talatin da biyar. Ina sakin igiya kaɗan-kaɗan.
Talatin da shida. Damtsensa na rawa,
rawar tana gangarowa har cikin tafina.
Talatin da bakwai,
ya miƙa,
yatsu uku suka taɓa, suka ƙi zama.

Nauyinsa ya ɗaga ni daga ƙasa taku guda.
Zaure ya ce wayyo da baki ɗaya.
Ni dai na riƙe.

Na sauke shi a hankali kamar guga cike da ruwa.
Bai dubi allon maki ba.
Ya ce, Kawu, ka ga ƙafata ta hagu? Da na juya ƙugu.
Dalyop ya miƙo masa lemo, rabi a sha.

Ran Asabar za mu Shere, da sanyin asuba,
su biyu da ni, da tsohuwar igiyata.
Can dutse ba shi da lamba,
kuma ƙadangaru ne ke gyaɗa kai.