Littafin da Ya Zaga Rafindaɗi

Kwafi ɗaya tal ya shigo unguwarmu.
Rabe ya tsinto shi a tasha, bango a yage,
ruwan shayi ya cinye rabin sunan marubuciyar,
shafin ƙarshe kuwa babu shi,
wataƙila wani ya ƙunshe ƙosai a ciki.

Labarin yarinya ce, uwarta ta rasu,
ta bi kukan mujiya har wani tsohon soro
mai ɗakuna goma sha ɗaya, taga ko ɗaya babu.
Can sama wata tsohuwa na kaɗi a cikin duhu,
tana sayar da dare guda tare da mamaci.
Ba ta karɓar kuɗi.
Abu ɗaya za ka ba ta cikin abin da kake tunawa da shi,
ta naɗe a mazari, ya tafi ke nan.

Rabe ya ce, "Ƙarya ce, amma da gishirinta.
Daren nan sakata biyu na sa wa ƙofa."

Malam Abashe mai gyaran agogo
ya kai shafi na arba'in ya rufe.
"Wanda ya tafi ya tafi. Matar nan ta nemi gafara."
Washegari a bakin masallaci ya ja hannun rigata:
"Wai yarinyar ta sauko kuwa?"

Lantana 'yar aji shida ta taɓe baki.
"Babi uku cur ana hawan matakala!
Jemagu sun yi yawa, ba wanda ya so wani."

Barira, da ke kwanan aiki a asibiti,
ta dawo da shi da warin magani.
"Ku daina ce mata mayya," in ji ta.
"Baƙin ciki ne aka ɗaura wa zane.
Na sha ganinta a benci, bakin ɗakin maza,
wajen ƙarfe ukun dare."

Goggo Sahura ba ta karatun boko, jikarta ta karanta mata.
Ta ce, "Tatsuniya ce aka hana ta ƙurunƙus.
Mu da muna yara ba a yin irinta da rana."
Sai ta nemi a maimaita mata wurin da uwar
ke tsefe wa 'yar kai, hannunta da sanyi kamar randa.

Ni ne na bakwai.
Wata tara ke nan da muka kai Dije makwancinta,
takalmanta na nan inda ta cire su,
ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya.

Na karanta shi da fitilar waya, wuta ta ɗauke,
na kama kaina ina ciniki da tsohuwar.
In ba ta ƙamshin miyar kukarta?
A'a.
Yadda take cewa "kai dai" in ta kama ni da ƙarya?
A'a.
To tarin nan na watan ƙarshe, wanda ya hana mu barci?
Shi ma na riƙe.
Har aka kira assalatu ban sami abin sayarwa ba.

A shafi na ɗari da sha uku takardar ta kumbura,
ɗigo biyu, sun bushe.
Ba nawa ba ne, na tarar da su.
Ina zargin mai agogo,
ko da yake ya rantse a arba'in ya tsaya.

Yanzu a dakalin Rabe gardama ake:
rabi sun ce ta biya, ta ga uwarta,
rabi sun ce ta juyo da kayanta cif.
Suka ce, kai fa, me ka gani?
Na ce rubutun ya yi ƙanana, yana sa ido ruwa.

Gobe zan miƙa wa Tukur direba.
Ya ce shi dai a gaya masa ko akwai faɗa a ciki.