Littafin Taro

Gara ta cinye bangon littafin,
ta bar mini sunaye.
Mu goma sha tara, ranar Asabar bayan la'asar,
a wani ajin firamare a Jekadafari,
gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin teburin yara.
Ni aka ba rubutu, don ni kaɗai ke da biro biyu.

Rifkatu, nas daga Kaltungo, ta ce a fara da asibiti,
ta gaji da rufe idon matan da aka kawo a makare.
Malama Zinatu, da ta dawo daga jami'a da kalmomi masu nauyi,
ta ce saiwa za a tone, a bar sassabe.
Inna Dudu mai man gyaɗa ta ɗaga hannu yana sheƙi:
"Ni dai injin niƙa. In na huta, ma tona saiwar."
Na rubuta: an yi dariya.
Ban rubuta cewa ita ba ta yi ba.

Shekara biyu muna tsintsiya maɗaurinki ɗaya.
Mun tsaya a ƙofar kamfanin auduga, rana tsaka,
har aka mayar da mata shida da aka sallama don sun yi ciki.
Ranar nan gwangwanin ruwa ɗaya muka sha,
ba wadda ta goge bakinsa.

Sai tambayoyi suka fara shigowa ta taga.
Da wane harshe za a yi taro?
In an juya Turanci, rabin ɗaki na ƙirga kwanon rufi.
Da addu'ar wa za a buɗe?
Maza fa? Mijin Furera na ba mu aron akori-kura,
yanzu yana son kujera.

Sannan wasiƙa daga Legas:
babban taro, gurbi ɗaya, tikiti ɗaya.
Zinatu ta tafi, ta yi magana da yawunmu,
ta dawo da hoto da jaka mai tambari.
Inna Dudu ta juya hoton gaba da baya.
"Ni ina nake?"
"Kina cikin jawabina, Inna."
"To. A jawabin zan niƙa dawa."

Shafi na arba'in da ɗaya. Waɗanda suka halarta: bakwai.
Sauran sun koma zauren Hajiya Yelwa a Herwagana,
sabon suna, sabon anko.
Suka ce mun raina su, muka ce an saye su da atamfa.
A kasuwa mukan gaisa kamar surukai.
Su suka samo injin.
Mu muka samu layi biyu a jarida.
Har yau ban san wanne ya fi ciyar da gari ba,
na dai san wanne ke tashina da sassafe.

Jikata, ido a waya, ta ce mun cika haƙuri.
Ban gaya mata ranar da Rifkatu ta jefi allo da takalmi ba.

A zaman makokin Inna Dudu
Zinatu ta zo da sanda, ta zauna can bakin ƙofa.
Aka miƙa mata kunu. Ta sha.
Dawar daga injin nan take, ba wadda ta faɗa.

A shafin ƙarshe akwai bashin kwabo hamsin a kanta
tun tamanin da biyar.
Ban soke ba.
Wanda ake bi bashi bai bar ƙungiya ba tukuna.