Masu Shuka Ruwa

Ranar da tsohuwa Teodosia ta miƙe a zauren taro
ta ce, "Mu hau dutse mu shuka ruwa,"
ni na fara tuntsirewa da dariya.
Na ce, "Iya, dankali muka gada, da masara.
Wa ya taɓa binne ruwa ya ga tsiro?"
Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara malafarta,
ta ce, "Kai mai motar madara, tayarka huɗu.
Ranar Asabar muna neman taya huɗu."

Garinmu a kafaɗar Andes yake zaune,
kamar tulu a kan gammon da ya goce.
Ƙanƙarar kan tsauni, wadda kakana ke cire wa hula,
ta yi ta janyewa kamar rigar da ta sha wanki.
Famfon kasuwa sai tari, ba ya tofar da komai.
In kuwa damina ta zo, da fushi take zuwa:
bara ta kwashe gadar su Pariona
ta wuce teku, ko sallama babu.

Asabar ta yi.
Ofishin magajin gari ya aiko shebur goma sha biyu,
biyu babu ƙota.
Matan ƙungiyar cuku suka hau da tukwanen miya a baya.
Nicanor ya rufe aji, ya koro yara talatin,
kowanne da dutse daidai ƙarfinsa.
Fada ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya tuɓe takalmi.
Ni kuma na yi sawu tara,
har motar ta fara yi mini Allah ya isa.

Akwai wata 'yar birni, injiniya Yesenia Llacsa,
da taswira a cikin waya.
Ta ce tsohuwar magudanar kakanni a nan take.
Fortunato, mai shekara tamanin da haƙori uku,
ya buga sandarsa can gefe, ya ce a'a, nan.
Suka yi ta yi har rana ta karkata.
Da muka tona, sai ga jerin duwatsun
sun bi ta tsakaninsu, sun ƙaryata kowa rabi.
Ta ba shi wayar ya riƙe, ya ba ta sandar.

Kada in yi ƙarya, an yi rigima.
Mutanen sama suka ce ruwan nasu ne,
na ƙasa suka ce gumin namu ne.
Sai da aka rubuta takarda a kan bonet ɗina,
kowa ya dangwala yatsa, wasu suna harara.

Ruwan Janairu ya sauko, muka tare shi,
muka lallaɓa shi kamar baƙon da ke sauri,
muka kai shi inda dutse ya tsattsage.
Ya shige. Ɗif.
Na tsaya ina kallon wahalar wata uku
tana nutsewa a ƙasa, ko kumfa babu.
Na ce a raina, an yi asarar man fetur.

Sai Agusta, tsakiyar rani,
ina wanke garwa a bayan gidanmu,
inda marigayiya uwata ke wanki da,
inda shekara tara ƙadangare kawai ke kwana,
na ji ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafata.
Na durƙusa. Siriri ne, kamar zaren allura,
amma yana tafiya.

Na cika kofi, na kai wa Teodosia ban zubar ba.
Ta kurɓa, ta daɗe tana juya shi a baki,
ta ce, "Bai nuna sosai ba. Baɗi zai fi."

Har yau famfon kasuwa kan yi tari ranar Talata.
Gadar su Pariona tana nan a karye.
Shebur biyun nan ma ba a sa musu ƙota ba.
Amma na sayi sabuwar taya.
Asabar jibi ce.