Casa'in da Huɗu

Mako bakwai ke nan allurar sikeli
ta kafe a casa'in da huɗu,
ba gaba, ba baya,
kamar jirgin ruwan da ya yi tsatsa a tashar Valparaíso
har tsuntsaye suka yi masa sheƙa a ka.

Kowace Asabar ina shiga kantin maganin Osvaldo,
in cire takalmi, in cire agogo,
in zazzage har canjin aljihu,
in hau ina riƙe numfashi.
Allura ta yi rawa kaɗan don ta yaudare ni,
ta koma mazauninta.
Osvaldo ya dubi rufi, wai bai gani ba.

Kilo goma sha ɗaya na farko
sun tafi ba ko sallama.
Na bar lemon kwalba, na bar soye-soyen dare,
ina taka bakin teku da sassafe
kafin in ɗauki tasi in shiga gari.
Har na fara yi wa direbobi wa'azi.
To, ga mai wa'azi ya yi shiru.

Ɗiyata Maite ta ba ni ƙaramin littafi,
ta ce, Baba Nibaldo, rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaro.
Na ce me nake ci?
Kwana uku, littafin ya tona ni:
burodi mai zafi a layin jiran fasinja,
rabi, sai wani rabin, tunda rabi ba ya zama shi kaɗai,
shayi huɗu, kowanne cokali biyu,
da gyaɗar da hannu ke kai wa baki
ba tare da ya nemi izinina ba.
Ashe ɓarawon a gida yake kwana.

Sai tsohuwa Edelmira mai sayar da kifi,
shekara saba'in, ƙafa kamar ta barewa,
ta tsare ni a gindin tudu:
Kai da shimfiɗaɗɗiyar hanya kun saba da juna,
jikinka ya haddace ta, yana tafiya yana barci.
Ungo kwandon nan.

Matakala ɗari da sittin da biyu zuwa ƙofarta.
Na ƙirga, don da kowace muka yi faɗa.
A ta arba'in gwiwa ta kai ƙarata,
a ta tamanin huhu ya ce shi ya sauka nan.
Wani baƙin kare ya wuce ni,
ya waiwayo, ya jira.

Litinin, Laraba, Juma'a, kwando a kafaɗa.
Ladana kifi biyu,
in gasa, in haɗa da wake da tumatir.
Na daina kallon ƙwallo har ɗayan dare,
na kwanta tare da kaji.

Asabar ta zo: casa'in da huɗu.
Wata Asabar: casa'in da huɗu.
Saura ƙiris in saya wa kaina kek in huce haushi.

Amma ran Talata wando ya zame a bainar jama'a,
na dafe shi da hannu ɗaya har rumfar baduku,
ya huda wa bel ɗina sabon rami,
ya ƙi karɓar ko sisi.

Sikeli ne ya ji labari a ƙarshe.
Casa'in da biyu da rabi.
Osvaldo ya sauko da idonsa daga rufi,
ya buga teburi har kwalabe suka amsa.

Ban tsaya murna ba.
Edelmira na jira a gindin tudu,
yau kwandon ya fi nauyi,
ta ce ta ƙara ƙanƙara saboda zafi.
Ƙarya take yi, na ga duwatsun.
Na saɓa, muka fara hawa,
ni da karen.