Bangon Orval

Tun da aka fasa gidan Dagny a bakin kogi
Orval bai ƙara barcin kirki ba.

Uku ne saman murhunsa, can arewacin Montana:
ta kakansa mai tsagaggiyar ƙota,
ta farautar barewa,
da 'yar ƙaramar da marigayi Lyle ya koyi harbi da ita.

"Kulle su a akwatin ƙarfe," in ji 'yarsa.
Ya ce, abin da aka hana ido gani
ai an riga an sace shi.

Sai ya zura musu waya ta bayan kunama,
ya danna kwaɗo jikin ginshiƙi,
ya zare allurar kowacce, ya binne a gwangwanin kofi.

Ga su nan, tsofaffin karnuka ba haƙori.
Makulli na wuyansa,
da sanyi kamar ƙanƙarar waje.